Reshen da Ya Tare Hasumiya

"Mama, ina jin ki, sake faɗa mini sunan asibitin," in ji Vernita, ta ƙara danna abin magana a kunnenta kamar dannawar ce za ta gyara.

Muryar tsohuwar da ta kira ta fara tsinkewa, kalma ɗaya ta iso, biyu su ɓace a hanya, sannan ɗif. 'Yar da'irar nan da Vernita ta tsana ta fara juyawa a tsakiyar kwamfuta. Ta zuba mata ido, ta san abin da zai biyo baya.

Ba a jima ba kuwa wayarta ta hannu ta yi ƙara. Madam Kowalski ce, shugabar sashensu.

"Vernita, layinki ya sake yankewa."

"Na gani, ranki ya daɗe. Yanzu zan duba, ina jin iska ce."

"Jiya ma iska kika ce. Ni ba ni da matsala da aikinki, mutane na yabon ki. Amma marar lafiya ya kira neman mota ya ji an kashe masa waya, ai kin san ba zai yiwu ba. Ki sauka daga layi yau, ki gyara. Gobe da safe daga sama za su saurari kiranki. In ya sake yankewa, hannuna ba zai kai ba."

Vernita ta ce to, ta yi godiya, har da 'yar dariyar da ba ta san daga ina ta fito ba. Ta ajiye wayar.

Aikin ba wani babba ba ne. Daga ɗakinta na sama take amsa waya, marasa lafiya su kira, ta haɗa su da motar da za ta kai su asibiti. Amma kamfanin yana yi wa ma'aikaci da iyalinsa inshorar lafiya da zarar ya gama watannin gwaji, kuma nata saura ƙiris su cika. Wannan ƙiris ɗin shi take kwana da shi take tashi da shi. Tun da aka rufe masana'antar kayan mota inda mijinta Lonnie ya yi rabin rayuwarsa, suke zaune ba inshora. Ta gwamnati, ta marasa hali, an ce sun fi ƙarfinta da kaɗan, ta kasuwa kuwa ta fi ƙarfinsu da yawa. Ga ciwon suga ya taɓa masa ƙoda, likita ya ce wankin ƙoda ba nisa.

Ta sauko ta same shi a falo, ƙafafunsa kumburarru bisa kujera, yana kallon wasan ƙwallo da murya a kashe.

"Ya sake ɗaukewa?" ya tambaya.

"Ya sake."

"Na faɗa miki tun farko, intanet ɗin sadaka ai sai a hankali."

"Da na sadakan kake kallon ƙwallon ai, maigida. In kana da na kuɗi a aljihu, fito da shi mu gani."

Ya yi murmushi. Shi ma tsoron yake ji, bakinsa ne kawai ba ya iya zama shiru.

Intanet ɗin na ƙungiyar unguwa ne. Manyan kamfanoni sun daɗe da juya wa wannan gefen na Detroit baya, sai mutanen unguwa suka haɗa kai, suka kafa babbar eriya a hasumiyar cocinsu, suka bi gida-gida suna ɗora 'yan farantai a kan rufi, kowanne na fuskantar hasumiyar. Da shi Vernita ta nemi aikin, da shi ta samu. Kamfanin kuma ya kafe, dole sai layin gida, ba a yarda da na wayar hannu ba, ba a yarda mutum ya je laburare yana karanta cutar mutane a bainar jama'a ba.

Ta kira Yesenia, wadda ta ɗora mata farantin da hannunta. Yesenia mai gyaran wuta ce, da rana ta yi aikinta, lokacin da ya rage ta ba ƙungiya. Ta iso da tsohuwar motarta ta ɗaukar kaya, tsani a ɗaure a sama, tana cin burodi da hannu ɗaya.

"Anti Vernita, kwantar da hankalinki. Ko tsuntsu ne ya karkata shi, ko waya ta saki. Yanzu za ki ga aiki."

Ta hau rufi kamar mai hawa gadonta. Vernita ta tsaya a ƙasa ta riƙe tsani, wuyanta a miƙe. Ta ga Yesenia ta girgiza farantin, ta bi waya da hannu, ta duba wayarta. Sannan ta tsuguna bayan farantin ta hangi inda yake fuskanta. Ta daɗe a haka. Da ta miƙe, sai ta dafa kai da hannu biyu.

"Mene ne?" Vernita ta ɗaga murya.

Yesenia ta sauko, ta tsaya gabanta.

"Anti, yaushe muka ɗora miki wannan?"

"Ai ke za ki tuna. Cikin tsananin sanyin nan ne, har na dafa miki shayi kina cewa yatsunki sun mutu."

"Shi ne. Lokacin babu ganye ko ɗaya a garin nan. Na tsaya a can sama ina ganin hasumiya tar ta tsakanin rassa, na ce gidanki ya fi na kowa sa'a." Ta nuna da haɓa. "Yanzu duba."

Vernita ta juya. A filin da ke gefen gidanta, katuwar bishiyar nan da ta saba gani har ta daina ganinta ta cika ta batse da sabon ganyen Mayu, kore shar.

"Farantin sai ya ga hasumiya ido da ido yake aiki," in ji Yesenia. "Ganye na tare shi, in ya jiƙe ko iska ta kaɗa shi abin ya fi muni. Laifina ne, Anti. Dukanmu a sanyi muka koyi aikin nan, a sanyi muka yi shi, ba wanda ya tuna bishiya na farkawa."

"Bar zancen laifi. Me za a yi kafin gobe?"

"Dogon ƙarfe da zai ɗaga farantin ya haura ta, sai an yi oda, ba abin gobe ba ne. Wata eriyar kuma babu a kusa. Amma ba duka bishiyar ba ce. Kin ga babban reshen can da ya miƙo ta gefenki? In aka sare shi, hanya ta buɗe."

Dukansu sun san bishiyar ta wane ce.

A takarda filin na hukumar birni ne, kamar sauran filayen da aka rushe gidajensu, waɗanda a layin sun fi gidajen da ke tsaye yawa. Amma a unguwar ba a bin takarda. Wanda yake yanke ciyawar fili, shi ke da fili. Ba wanda ya rubuta wannan, ba kuma wanda ya taɓa karya shi ya ci gaba da samun amsar gaisuwa. Wannan filin kuwa Baba Hosea ke yanke shi duk Asabar, tun ranar da motar rusau ta kwashe gidan da ya zauna da matarsa Earline har ta rasu. Yanzu a tsallaken titi yake, gidan marigayi ƙaninsa. Bishiyar ce kaɗai ta rage a tsaye a wurin.

Kuma shi ne mutumin da ya kori 'yan ƙungiya daga barandarsa lokacin da suke bi gida-gida. Ya ce ya kai tsufa ba tare da kwanon intanet a saman kansa ba, ba zai fara yanzu ba.

Lonnie ya fito bakin ƙofa yana dafa bango, ya ji komai.

"Ku sare kawai," ya ce. "Filin gwamnati ne. Tsohon yana barcin rana, kafin ya farka an gama."

Yesenia ta girgiza kai. "Kawu Lonnie, ni ba zan sa zarto a bishiyar nan ba sai da bakinsa. In na yi, gobe duk layin nan su sauke farantansu su jefo mana."

"To ni zan hau."

"Kai da ba ka iya hawa benen gidanka sai ka huta a tsakiya?" in ji Vernita. "Koma ka zauna, don Allah. Zan je in same shi."

Ya kama hannunta, ya rage murya yadda Yesenia ba za ta ji ba. "Ki je. Amma kada ki faɗa masa zancen ciwona. Tare muka yi aiki da mutumin nan, shi ya koya mini inji. Ba na so ya riƙa kallona kamar gawa."

Ta san wannan doka. Ba wanda ya san zancen ƙodar a layin, ko a coci cewa suke yi ƙafa ce ke damunsa. Ta gyaɗa kai, ta tsallaka titi.

Baba Hosea ba barci yake ba. Yana zaune a baranda cikin rigar aikinsa mai igiya a kafaɗa, kofin kofi a hannu, kuma da gani ya kalli duk abin da aka yi a kan rufin.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai, matar Lonnie. Na ga kun hau sama kuna nune-nune. Me bishiyata ta yi muku?"

Ta zauna a matakala ba tare da an ba ta wuri ba. Ta yi masa bayani dalla-dalla, da hasumiya, da faranti, da ganye. Ta ce reshe ɗaya ne tak. Ta ce Yesenia ta iya, ba za ta ji wa bishiyar ciwo ba.

"Wanne?"

Ta nuna.

Ya kalli reshen, ya sha mur. "A'a."

"Baba, aikina ne."

"Aiki a cikin ɗaki da silifa? Mu da muka yi aiki, da sassafe muke fita da kwanon abinci. Su da suka ɗora miki kwanon ba su da idanu ne? Bishiyar nan tana wurin tun kafin a haifi yarinyar can. Su ɗaga kwanonsu sama."

"Za su ɗaga, amma ba kafin gobe ba. Gobe ne za a yanke mini hukunci."

"In sun kore ki a kan ganye, ba mutanen kirki ba ne. Ki nemi wani. Ke jaruma ce, na sani."

Ya kurɓi kofinsa, alamar zance ya ƙare. Vernita ta miƙe. Ta sauka matakala ɗaya, ta hango Lonnie a bakin ƙofarsu, ya jingina da katako yana yi kamar shan iska yake. Daga nan ma ana ganin yadda fuskarsa ta yi fari-fari. Ta tuna yadda ta kama shi da safe yana raba ƙwayar magani biyu da wuƙar kicin, don ta kai shi ƙarshen wata. Wani aikin da Baba ke faɗa, ko ta samu yau, sabon gwaji ne daga farko, ƙodar Lonnie kuwa ba ta san jira ba.

Ta juyo.

"Baba, ƙodar Lonnie na mutuwa."

Tsohon ya tsaya da kofi a iska.

"Ba ƙafa ba ce. Ya hana ni faɗa, kuma zai yi fushi da ni, ya yi. Ba mu da inshora. Aikin nan shi ne inshorar. In na rasa shi gobe, ban san inda zan kai shi ba ranar da za a ce a fara wanki. Ba don silifa na zo ba."

Ba ta yi kuka ba. Kunya ta kama ta, ta cin amanar mijinta da ta roƙo a lokaci guda.

Baba Hosea ya ajiye kofin a ƙasa. Ya daɗe yana kallon tsallaken titi, ba ta san ko Lonnie yake kallo ko bishiyar ba.

"Kin san ina reshen nan yake kaiwa da?" ya ce. "Tagar ɗakinmu na sama. Duk dare in iska ta taso sai ya riƙa kankarar gilashi. Earline ta ce, Hosea, sare abin nan, ba na samun barci. Na ce gobe. Shekara ta zagayo ta sake cewa, na ce bishiya ba ta yi laifi ba, ki sa auduga a kunne. Haka muka yi ta yi har ta kwanta ciwo a ɗakin, yana kankara tana ji." Ya share baki da bayan hannu. "Yanzu ba taga, ba ɗaki. Shi kaɗai ne ya san inda tagar take."

Vernita ta tsaya kawai, hannuwanta a naɗe a ciki.

Ya miƙe da ƙyar, ya shige gida ya bar ta a tsaye. Ta jira. Ta fara tunanin ko korarta ke nan, har ta ɗaga ƙafa za ta tafi, sai ta ji motsin ƙarafa daga garejin baya. Ya fito da zarto mai dogon mariƙi, haƙoransa na sheƙi, da gani ana kula da shi.

"Ki faɗa wa yarinyar can da zartona za ta yanka. Ba na son na inji, yana yaga ɓawo."

Yesenia ta ɗaura igiyar tsaro a ƙugu, ta kafa tsani a gindin bishiyar. Baba Hosea da kansa ya riƙe tsanin, bai bar wa kowa ba.

"Fara ta ƙasa, 'yar nan, ki ɗan tsaga, sannan ki koma ta sama. Ke! Ba kusa da jikin bishiyar haka ba, bar mata ɗan wuya a gindin reshen."

"To, Baba."

"To Baba, to Baba. Da kin ce to tun cikin sanyi da ba mu zo nan ba."

Lonnie ya lallaɓo har bakin filin. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya tsaya a ƙafafun.

"Kai kuma uban 'yan taurin kai, je ka nemi kujera. Tsayuwar me kake yi?"

Lonnie ya juyo ya kalli matarsa. Kallo ɗaya ne, amma ta gane ya sani. Ta sunkuyar da kai. Ya juya ya koma gida a hankali, kuma hakan ya fi mata faɗa ciwo.

Zarton ya yi ta ci, garin katako na zubowa a kan hular Baba Hosea, bai kauce ba. Can reshen ya yi ƙara, ya sunkuyo, ya faɗi a kan ciyawar da aka yanke tsaf, ganyensa na rawa. Inda yake sai wani buɗaɗɗen sarari, kuma ta cikinsa ga kan hasumiyar coci.

Yesenia ta sauko da sauri ta haye rufin Vernita, ta ɗan juya farantin, ta duba wayarta.

"Ya dawo!" ta ƙwala. "Ya dawo, Anti, cike!"

Vernita ta dafe ƙirji. Amma da Yesenia ta sauko, murnar ba ta sauko tare da ita ba. Ta jawo Vernita gefe, bayan motarta.

"Anti, gobe lafiya lau, na tabbata. Amma hanyar siririya ce. Ganyen bai gama buɗewa ba, Mayu muke. Na saman can da na gefensa, kafin zafi ya kankama za su rufe wurin. Ƙarfen kuma, gaskiya, akwai gidaje gabanki a layi, ban san yaushe ba. Sai an sake yanka. Wataƙila ba sau ɗaya ba."

Vernita ta rufe ido. Da ta buɗe, Baba Hosea na tahowa wajensu, zarton a hannu, yana share haƙoransa da tsumma.

"To," ya ce. "Shi ke nan ko? Wannan ɗin kaɗai?"

Yesenia ta buɗe baki. Vernita ta taka mata ƙafa.

"Shi ke nan, Baba. Wannan ɗin kaɗai. Allah ya saka da alheri."

Tsohon bai amsa addu'ar ba. Ya ɗaga kai ya kalli sararin da aka buɗe, ya kalli rassan da ke kewaye da shi, masu ƙananan ganye da ko rabin girma ba su kai ba. Ya kalli hasumiya, ya kalli farantin. Sannan ya kalli Vernita, ita kuma ta kasa ɗaga ido daga takalmanta.

Ya miƙa mata zarton. Ta karɓa don ba ta san yadda za ta ƙi ba. Ya fi yadda take zato nauyi.

"Ajiye shi wurinki," ya ce. "Ki riƙa shafa masa mai."

"Baba, ai mun gama da..."

"Ranar Lahadi ina tafiya coci da wuri, kuma ba na dawowa sai an gama cin abincin bayan sujada. Ku riƙa yi a lokacin. Kada ki sake zuwa tambayata, kada kuma ki faɗa mini."

Ya sunkuya ya kama reshen ta gindi. Yesenia ta zabura za ta taya shi, ya ɗaga mata hannu. Shi kaɗai ya ja shi, ganyen na share kwalta, ya tsallaka da shi titi zuwa gidansa.